Nawa Ake Kashewa a Neman Haihuwa a Asibiti, Kuma Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Tambaya: Shekarata 34, shekara shida ke nan da aure ban taɓa samun ciki ba. Mun je asibitoci biyu masu zaman kansu a Abuja, duka sun ce dashen ciki na IVF za a yi mana, amma kuɗin da na farko ya faɗa ya kusa ninka na biyun. Maigida yana tunanin sayar da filinsa. Me ya kawo wannan bambanci, kuma ta yaya za mu san abin da za mu kashe tun kafin mu fara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya sauƙaƙa muku hanya. Ki roƙi maigida ya ɗan jinkirta maganar filin na wata guda. Aikin ya cancanci a sayar masa da kadara, amma har yanzu ba ku san ainihin nawa kuke nema ba. Adadin da asibitocin nan suka faɗa muku kuɗin yunƙuri ɗaya ne, abin da likitoci ke kira zagaye ɗaya, ba kuɗin haihuwa ba. Mata da yawa sai a zagaye na biyu ko na uku rabo ke zuwa. Iyalan da suka fi shiga ƙunci a wannan harka su ne waɗanda suka zuba duk abin da suka mallaka a zagayen farko, bai kama ba, ga sauran tayi a daskare a asibiti, amma babu kuɗin mayar da shi mahaifa.

Kafin maganar farashi, me aka gano? IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji sannan a dasa tayin a mahaifa, magani ne, kuma ya kamata a ce kuna da takarda a hannu da ta faɗi cutar da ake son magancewa. Idan babu, daga nan za a fara, domin bincike shi ne ɓangaren da ya fi araha, kuma shi ke yanke hukuncin duk abin da za a kashe daga baya.

A fara da maigida. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuzarinsa a shimfiɗa ba ya nuna komai a kan wannan, kuma ko da ya taɓa haihuwa da wata shekaru goma baya, sai an sake dubawa. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sannan ya ba da maniyyi a cikin mazubin da ɗakin gwaji ya ba shi, ba a kwaroron roba ba. Idan a gida aka ɗiba, ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a riƙe shi a aljihu kusa da jiki, kada a sa shi a firji ko a bar shi cikin mota a rana. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana so yawan ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyin haihuwa su kai miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin 100 su zama masu tafiya gaba, kashi 4 aƙalla su zama masu cikakkiyar siffa. Wanda ya gaza wannan ba a ce ba zai haihu ba, ana dai sake gwajin bayan kamar wata uku, saboda ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, kuma zazzaɓin cizon sauro mai zafi kaɗai yana iya karya sakamako na ɗan lokaci. A kuma tambaye shi a asirce ko yana yin allurar testostaron don ƙarin kuzari ko gina jiki. Wannan allura tana tsayar da samar da maniyyi, wani lokaci har ya koma babu ko ɗaya, kuma a mafi yawan maza yana dawowa bayan watanni da dainawa. Abin takaici ne a kashe miliyoyi a kan abin da barin allura zai warware.

Ke kuma, gwajin jini na FSH da LH, sinadaran da ke sa ƙwai girma da fita, ana yin su tsakanin rana ta 2 da ta 5 da fara al'ada. AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage, ana yin sa kowace rana. Sai furolaktin, sinadarin da idan ya yi yawa yakan sa nono ya riƙa fitar da ruwa ba ciki ba goyo, ya kuma hana ƙwai fita, da gwajin tayirod. Sai furojestaron kwana bakwai kafin ranar da kike sa ran al'ada, don a tabbatar ƙwai na fita. Sai sikanin ta gaba don ganin mahaifa da ƙirga ƙwayayen da ke shirin girma. Na ƙarshe shi ne HSG, hoton da ake ɗauka bayan an tura wani ruwa cikin mahaifa, yawanci tsakanin rana ta 7 da ta 10, don a ga ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke. A ƙasashenmu toshewar bututu na cikin manyan dalilai, sanadin ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba, ko ƙwayar cuta bayan ɓari ko haihuwa, ko tsargiya, ko tarin fuka da ya sauka mara.

Wannan hoto yana da alaƙa da aljihu kai tsaye. Idan bututu ya toshe kuma ya tara ruwa ya kumbura, ruwan yana gangarowa cikin mahaifa ya rage damar kamawar tayi da kusan rabi. Dole a cire bututun ko a ɗaure shi kafin dashe, kuma wannan tiyata ce mai nata kuɗin daban. Haka ƙarin mahaifa, wato faibirod: wanda ya kutsa cikin ɗakin mahaifa ana cire shi tukuna, amma ƙarami da ke zaune a bayanta galibi ba a taɓa shi, don haka ba kowane ƙari ne ya cancanci wuƙa ba. Wankin mahaifa kuwa, wanda mata ke yawan nema da sunan buɗe hanyar ciki, ba maganin rashin haihuwa ba ne. Kankarar mahaifa ba dalili tana iya sa bangonta ya manne, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, a sayi wata matsalar da ta fi ta farko tsada.

Idan bututu a buɗe suke, maniyyi lafiya, matsalar kawai ƙwai ne ba ya fita a kan kari, kamar a masu PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke sa al'adarsu tsallake watanni, to akwai hanya mai sauƙi ƙwarai. Ana ba da ƙwayar maganin sa ƙwai fita, Femara miligiram 2.5 ko Clomid miligiram 50 na kwana biyar a farkon wata, a bi da sikanin don a ga ko ƙwai ya girma, a faɗa wa ma'aurata ranakun saduwa. Ba a wuce wata shida a kan Clomid, kuma ba a saye shi a kemis a sha da ka, domin yana sirantar da shimfiɗar mahaifa a wasu matan, yana kuma ƙara yiwuwar tagwaye. Mataki na gaba shi ne IUI, inda ake wanke maniyyin miji a tace masu ƙarfi, a zuba su cikin mahaifa da siririn bututu ranar fitar ƙwai. Kuɗinsa bai kama ƙafar na IVF ba, amma nasararsa a kowane yunƙuri kashi 10 zuwa 15 ce cikin 100, kuma bayan sau uku ko huɗu ba a ci gaba. Ga wadda bututunta biyu suka toshe, ko mijin da maniyyinsa ya yi ƙasa sosai, waɗannan hanyoyi asarar kuɗi ne da lokaci. Ke da kika shekara shida babu ko ɓatan wata, mai yiwuwa ne shawarar IVF daidai take, ko da duk gwaje-gwajen sun fito lafiya. Abin da muke so shi ne ku san dalili.

Yanzu mu buɗe kuɗin IVF ɗin kansa, don a nan bambancin asibitocinku biyu yake ɓoye.

Magunguna su ne ɓangaren da ya fi canzawa daga mace zuwa mace, kuma su ne aka fi cirewa daga farashin da ake faɗa da baki. Za ki yi allurar haɓaka ƙwai kullum, irin su Gonal-F ko Menopur, na kwana 10 zuwa 12 a mafi yawan lokuta. Ana auna su da ma'aunin IU, kuma ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da 75. Mace mai yalwar ƙwai da aka sa wa 150 a rana na kwana 10 za ta sha 1,500, kwalba 20 ke nan. Wadda AMH ɗinta ya yi ƙasa, aka sa mata 300 a rana na kwana 12, za ta sha 3,600, kwalba 48. Aiki ɗaya, asibiti ɗaya, amma kuɗin maganin ɗaya ya ninka na ɗayar fiye da sau biyu. Shi ya sa duk wanda ya yanke miki farashin magani bai ga AMH da sikanin ɗinki ba, kintace kawai ya yi. Bayan wannan akwai allurar da ke hana ƙwai fashewa kafin lokaci, kamar Cetrotide, ta kwana huɗu zuwa shida, da allurar ƙarshe mai nunar da ƙwai, wadda ake yi awa 34 zuwa 36 kafin ɗiba. Wannan ta ƙarshen ba ta son kuskuren ko awa biyu. Idan aka makara ko aka yi gaggawa, ana iya shiga ɗakin aiki a tarar ƙwai bai nuna ba ko ya riga ya fita, duk alluran baya sun tafi a banza. Sai maganin furojestaron mai taimaka wa mahaifa ta riƙe tayi, irin su Cyclogest, daga ranar ɗibar ƙwai har zuwa gwajin ciki, idan ya kama kuma a ci gaba zuwa mako 8 ko 12. Wasu daga cikin alluran nan sai a firji, tsakanin digiri 2 da 8. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, gara a bar su a asibiti ki riƙa zuwa, kuma kada neman araha ya kai ku sayen su a kasuwa inda ba wanda ya san yadda aka adana su. Allurar da zafi ya kashe ba ta canza kala.

Cikin kwanakin allura za a yi miki sikanin sau uku zuwa biyar, wani lokaci da gwajin jini. Ranar ɗibar ƙwai akwai kuɗin ɗakin aiki da na likitan sa barci, aikin kansa minti 20 zuwa 30 ne. Daga nan komai ya koma ɗakin renon tayi, kuma nan ne asalin tsadar IVF take. Na'urar renon dole ta zauna a digiri 37 dare da rana, da iskar da aka auna, babu ɗaukewar wuta ko na ɗan lokaci, wato janareto da batura da dizal ba hutu. Ruwan da ake renon tayi a ciki daga waje ake shigo da shi cikin sanyi, kuma ba ya daɗewa. Alluran ɗiba da bututun dashe sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Kusan komai da dala ake saye, don haka tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashi ke tafiya da canji. Farashin da aka ba ku wata uku da suka wuce, a sake tambaya kafin a dogara da shi.

ICSI, wato a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwai da siririyar allura, yana da ƙarin kuɗi a wasu asibitoci, wasu kuma sun haɗa shi a ciki. Wajibi ne idan maniyyi ya yi rauni sosai, amma idan maniyyi lafiya yake bai cika ƙara yawan haihuwa ba. Idan babu ƙwayar maniyyi sam a ruwan, ana iya zaƙulo ta daga maraina da allura ko ƙaramar tiyata, wannan ma da kuɗinsa.

Ki shirya zuciyarki ga yadda lissafin ke raguwa. Idan aka ɗebo ƙwai 12, abin da aka saba gani shi ne 9 ko 10 su zama nunannu, 7 su haɗu da maniyyi, 3 ko makamancin haka su kai kwana biyar. Wannan ba sakaci ba ne, haka halittar take. Waɗanda suka rage bayan dashe ana daskarar da su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Daskarewa tana da kuɗi, ajiya tana da kuɗin shekara-shekara, mayar da tayin mahaifa daga baya shi ma da nasa. Duk da haka wannan shi ne kuɗin da ya fi kowane riba a harkar, domin dashen daskararren tayi ba ya bukatar alluran nan masu tsada ko sake ɗibar ƙwai. Asibitin da ba shi da ingantaccen wurin daskarewa, ko da ya fi araha a yau, zai sa ku sake biyan cikakken zagaye idan na farko bai kama ba, ya kuma ingiza ku ga dasa tayi da yawa lokaci guda don kada a yi asararsu.

To, ku koma asibitocin nan biyu ku nemi farashi a rubuce, layi-layi, da sa hannu da kwanan wata. Ku tambaya ko magani na ciki, kuma IU nawa aka ƙiyasta, wa zai biya idan an ƙara kwanaki. Ku tambayi sikanin, sa barci, ICSI, reno zuwa kwana biyar, daskarewa, ajiyar shekarar farko, da dashen daskararre. Gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da ake yi wa ku biyu kafin a fara, yana ciki ko daban? Tambayar da mutane ke mantawa ita ce: idan aka tsayar da aikin a tsakiya, nawa za a mayar? Yakan faru ƙwai ya ƙi girma a dakatar tun kafin ɗiba, ko a ɗiba babu wanda ya haɗu, ko a rasa tayin dasawa. Asibiti mai tsari yana da rubutaccen kaso na kowane mataki. Da kun jera takardun biyu gefe da gefe, sau da yawa za ku ga tazarar ta tsuke, wani lokaci ma mai arahar ne ke komawa mai tsada.

Sai maganar nasara, wadda ita ce ginshiƙin kasafin. Alƙaluman Birtaniya na 2019, inda doka ta tilasta wa kowane asibiti bayar da rahoto, sun nuna cewa cikin kowane tayi 100 da aka dasa da ƙwan matar kanta, an haifi 32 ga 'yan ƙasa da shekara 35, sai 25 ga masu 35 zuwa 37, sai 19 ga masu 38 zuwa 39, sai 11 ga masu 40 zuwa 42, sai 5 ga masu 43 zuwa 44. Ki ɗauki mata 100 sa'anninki. A dashen farko 32 za su haihu. Cikin 68 da suka rage, kamar 22 a na biyu. Cikin 46 da suka rage, kamar 15 a na uku. Jimla ta kusa 70, ko da yake a zahiri takan ɗan gaza haka, don waɗanda suka rage galibi matsalarsu ta fi wuya. Wannan ne dalilin da hukumar tsara magani ta Ingila ta ba da shawarar zagaye uku ga 'yan ƙasa da shekara 40. Kasafin da ya dace da ku, a ganinmu, shi ne cikakken zagaye ɗaya da dashen daskararre biyu a hannu kafin a fara, da sanin inda kuɗin zagaye na biyu zai fito idan ta kama. Idan asibiti ya ce nasararsa kashi 70 ce, ku tambaya: gwajin jini ne ya nuna ciki, ko jariri aka haifa? A wane rukunin shekaru? Da ƙwan matar ko na wata? Wasu asibitoci suna sayar da zagaye biyu ko uku a dunƙule da rangwame. Yana da amfani ga wadda damarta ta yi ƙasa, amma a karanta ko ana mayar da ragowa idan aka dace a karon farko, kuma galibi magani ba ya ciki.

Waɗannan alƙaluma suna kuma nuna cewa jira ma kashe kuɗi ne. Kina 34. Shekara uku na adashi da tari za su kai ki rukunin da damar ta ragu, maganin da za ki sha ya ƙaru. Wata guda na bincike da kwatanta farashi ba zai cutar ba, shekaru ne ke cutarwa.

Za a iya tallata muku ƙarin abubuwa: kankarar shimfiɗar mahaifa kafin dashe, gam ɗin manna tayi, huda ɓawon tayi, ƙarin ruwa mai maiƙo don garkuwar jiki. Hukumar da ke sa ido kan dashen ciki a Birtaniya ta tantance irin waɗannan, kuma mafi yawansu babu ƙwaƙƙwarar hujjar suna ƙara haihuwa ga yawancin mata. A zagayen farko, a shekarunki, kina da ikon cewa a'a. Wanda ya bambanta shi ne gwajin tayi don sikila. Idan ku biyu AS ne, kowane tayi yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, kuma ana iya gutsurar 'yan ƙwayoyi daga tayin kwana biyar a gwada kafin dashe. Yana da tsada, yana tilasta daskarewa da jiran sakamako, yana kuma rage yawan tayin da za a dasa, amma dalilinsa a fili yake.

Muna roƙon ku da babbar murya a kan yawan tayin da za a dasa. Ma'aurata da yawa suna cewa a sa uku, a samu tagwaye a huta, kuɗi ɗaya haihuwa biyu. Fiye da rabin tagwaye bakwaini ake haifarsu, 'yan uku kuwa kusan dukkansu. Mako uku ko huɗu na jarirai biyu a kwalba a asibitin kuɗi yana iya cinye abin da ya kai kuɗin IVF ɗin, ban da hawan jinin ciki, jijjiga, zubar jini, da kwanciyar uwa. Ga mace 'yar 34 mai kyakkyawan tayin kwana biyar, a dasa ɗaya a daskarar da saura shi ne mafi aminci, kuma idan aka haɗa lissafin dashe biyu a jere, damar haihuwa ba ta gaza ta dasa biyu lokaci guda ba. Wata matsalar da ke kawo kuɗin ba-zata ita ce ƙwai ya amsa allura fiye da kima, musamman a masu PCOS da masu AMH mai yawa. Alamunta kumburin ciki, amai, raguwar fitsari, da numfashi da ƙyar, kuma mai tsanani sai an kwantar. Likita mai lura yakan rage allura, ya canza allurar ƙarshe, ya daskarar da tayin duka a dasa wani watan. Ku ware wani abu don irin wannan. Ko ciki ya kama ma tsugune ba ta ƙare ba: gwajin jini kwana 10 zuwa 14 bayan dashe, sikanin a mako na 6 ko 7 don a ga bugun zuciya a kuma tabbatar ba a wajen mahaifa ya zauna ba, awo, da yiwuwar haihuwa ta tiyata. Kada ki yi gwajin fitsari a gida da wuri, allurar ƙarshe tana iya nuna ciki alhali babu.

Idan ku Musulmi ne, akwai abin da ya shafi lissafinku. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halaccin dashe matuƙar ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, a mahaifarta, cikin igiyar aure. Majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa halatta a dasa a mahaifar kishiya a 1984, ta janye a 1985, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin shigar mutum na uku a zamanta na Amman a 1986. Ma'ana, hanyar karɓar ƙwan wata, wadda asibitoci ke miƙa wa matan da shekaru suka ja, a rufe take gare ku, don haka ƙwanki na yau yana da daraja ta musamman. Ku rubuta a takardar amincewa cewa ba ku yarda da ƙwai ko maniyyin kowa ba, ku kuma tambayi yadda ake lakaba suna da tantance samfuri. Daskararren tayi ba a dasa shi bayan saki ko rasuwar miji, don haka ku tattauna tun yanzu shekara nawa za ku biya kuɗin ajiya.

Inshorar lafiya ta ƙasa ta cire IVF daga abin da take biya, yawancin kamfanonin inshora ma haka, sai dai wasu kan ɗauki nauyin gwaje-gwajen farko, don haka a tambaya. Asibitocin gwamnati masu sashen dashe, kamar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, sun fi sauƙin kuɗi, amma akan tara mata rukuni-rukuni, akwai jiran layi. Idan daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri za ku taso, ku lissafa masauki da abinci da sufuri na kusan mako uku, ko ku nemi a yarda likitan mata na garinku ya yi sikanin na farko-farko. Maigida dole ya kasance ranar ɗibar ƙwai, idan kuwa aikinsa na tafiye-tafiye ne, a daskarar da maniyyinsa tun da wuri. Masu tunanin Masar ko Indiya su haɗa da biza da tikitin mutum biyu, su kuma tuna cewa tayin da ya rage can zai zauna, kowane dashe sabuwar tafiya ce. A Ingila zagaye ɗaya a asibitin kuɗi yana kai fam 5,000 ko fiye. Aikin ba baƙo ba ne a gida: Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara shi a Legas tun shekarun 1980, Dakta Ibrahim Wada kuma ya samu haihuwa ta wannan hanya a Abuja a 1998. Abin dubawa shi ne likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ƙwararren likitan mata ne, kuma akwai masanin renon tayi na dindindin a wurin. Ku guji duk wanda ya yi muku alkawarin ciki tabbas, ko ya ce akwai cikin da sikanin ba ya gani sai nasa. Binciken BBC na 2024 a jihar Anambra ya fallasa yadda ake damfarar mata da wannan ƙarya, a kumbura musu ciki da allurai, a ƙarshe a miƙa musu jaririn wata.

Duk binciken da muka lissafa yana kammaluwa cikin wata ɗaya idan aka bi kwanakin al'ada. Maigida ya yi nasa a wannan makon. Ke ki yi na jini da sikanin a rana ta 2 ko ta 3, HSG bayan jini ya ɗauke, furojestaron a ƙarshen wata. Ki fara shan folik asid maikirogiram 400 kullum tun yau. Ku karɓi ainihin takardun sakamako da hoton HSG ɗin kansa, ba rahoto kaɗai ba, ku ajiye kwafi a waya, domin asibiti na gaba ba zai sa ku sake biyan abin da kuka riga kuka yi ba idan bai daɗe ba. Gwajin ƙanjamau da na hanta kuwa ku bar su sai an sa ranar farawa, don asibitoci sabo suke karɓa.